Ambulan da Ba a Buɗe Ba

Kakana Lemuel Haskett
bai taɓa kai yatsa kan takardunsa ba.
Da hantsaki yake ɗaukar su,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar jinjiri.

A ɗakinsa na sama, can Marietta,
inda taga ke kallon kogin Ohio
yana jan ƙanƙara a tsakiyar sanyi,
akwai akwatin katako mai aljihu tara
maƙil da ambulan na zamanin yaƙin basasa.
Kowane da zanensa a kusurwar hagu:
gaggafa ta damƙe kibau,
tuta mai taurari talatin da huɗu,
igwa tana aman hayaƙi,
ga wata mace da takobi tsirara,
shekara ɗari da sittin ba ta ƙifta ido ba.

A wurin gwanjo dillalai kan sarki suke dubawa,
da hatimin gidan waya, da lafiyar kusurwa.
Shi kuwa bakin ambulan yake bi.
"Duba nan, Odessa. Wannan da wuƙa aka yanka,
a zaune, bayan an wanke hannu.
Wannan kuwa da yatsa aka farke,
tun a bakin ƙofa,
ko mayafi ba a cire ba."

Wasiƙun kam sun tafi.
Murhu ya ci nasa, ɓera ya ci nasa,
saura kwanso, gidan katantanwa bayan mai gida.

Sai guda ɗaya, a aljihu na tara.
Tryphena Coyle ce ta aika wa wani Amasa,
soja, a wani sansani a Tennessee.
Rubutunta ya karkace don kauce wa tutar,
har wutsiyar harafin ƙarshe ta taɓa tauraro.
A baya, da fensir, hannun wani daban:
ba ya nan.
Kalma uku, ba ko sa hannu.

Danƙon bakinsa yana nan yadda ta liƙe.
In an ɗaga shi a gaban fitila
ana ganin layuka sun hau kan juna,
da wani abu baƙi a naɗe a tsakiya,
ko ganye ne, ko gashi.

Na ce, "Kaka, mu buɗe mana."
Ya ce buɗewa za ta karya farashi.
Mutumin da har ya koma ga Mahaliccinsa
bai sayar da ko guda ba!

Bana akwatin ya dawo hannuna,
da hantsakin, da tabaransa mai ƙafa ɗaya.
Wani dillali daga Columbus ya bugo sau uku.
Jiya da dare na kunna fitilar,
na ajiye wuƙa a gefe,
na daɗe ina kallon inuwar rubutun Tryphena.
Shayina ya huce.
Na yanka tuffa da wuƙar.