Matakala Ɗari da Arba'in

Na rubuta a kwali, na manna a ƙofar gidan burodi:
Jitar bas ta sayarwa, mai tsirkiya huɗu,
da lasifikarta. Tudun Cordillera, gida mai shuɗin kwano.
Ban sa farashi ba.
Hannuna ya ƙi.

Na farko dillali ne, tabarau a goshi,
ya hawo matakala ɗari da arba'in yana haki.
Bai ko rungume ta ba. Ya juya bayanta, ya karanta lamba,
ya latsa wayarsa, ya ce feso dubu ɗari uku.
Na ce albarka.
Ya ce ai fenti ya koɗe nan inda damtse ke gogawa.
Na ce shekara talatin da ɗaya kake nunawa da yatsa.
Ya juya. Sauka ta fi masa sauƙi.

Na biyu yaro ne, ubansa ya rako shi,
yana son mai tsirkiya biyar, mai sheƙi, irin ta hoto.
Na ba su shayi, na kwatanta masu shagon bakin tasha.

Ran Laraba Valparaíso ta tashi da yayyafi.
Rayén ta zo da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat,
kwana ta yi a wurin aiki, idonta ja.
Ta ce, Don Eleuterio, ko zan wanke hannu tukuna?

Nan na san mai ita ta zo.

Ta ɗaga wuyan jitar saitin ido
yadda kafinta ke duban katako,
ta ga 'yar karkatar da iskar teku ta yi masa.
Ta bi gaɓoɓin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya,
a ta sha biyu tsirkiya ta yi zirr, ƙuda a kwalba.
Ban ɓoye ba. Na ce ta daɗe da wannan tari.
Maɓallin murya ma sai an lallaɓa shi.
Lasifikar kuwa kilo talatin da takwas ce,
ta cinye bayana tun kafin sanyi ya ci yatsuna.

Ta jona waya. Ta jira fitilun ciki su yi ɗumi,
ba wanda ya ce mata ta jira.
Sannan ta taɓa babbar tsirkiya, sau ɗaya.

Gilashin taga ya amsa.
Cokali ya girgiza a kofi.
Can ƙasa wani jirgin dakon kaya ya yi gunji
da murya kusan ɗaya da tata,
karen maƙwabta ya haɗiye haushinsa.

Wannan kiɗa ba kunne ke fara jin sa ba, haƙarƙari ne.
Mai bas can baya yake tsayawa, kusa da mai ganga,
ba a tafa masa.
Sai ya tsaya ake waiwayowa
a ce wa ya janye ƙasa.

Ta ce dubu ɗari da tamanin ke hannunta,
saba'in sai ƙarshen wata.
Duka bai kai tayin dillali ba.
Na ce na sallama,
amma igiyar rataya ba ta cikin ciniki,
Herminia ce ta yanko ta daga tsohuwar jakarta ta fata
shekarar da muka yi aure.
Ta cire ta da kanta, ta naɗe, ta miƙo da hannu biyu.

Lif ɗin tudu ya lalace tun watan jiya.
Mu biyu muka sauke lasifikar,
ita a ƙasa, ni a sama, muna hutawa duk bayan ashirin.
A hutu na huɗu na ce kada ta bar ta kusa da taga.
A na shida na rasa abin faɗi.

Da na dawo, jikin bangon da take jingina
ya riƙe siffarta, ƙugu da dogon wuya,
wurin da rana ba ta taɓa samu ba.
Da dare yatsuna biyu na dama
suka yi ta tattaki a kan bargo, ban hana su ba.

Da safe na je gidan burodi in cire kwalin.
Wani ya rubuta a ƙasansa da biro:
Nawa?