Tsintsiya Mai Batir

Ran Laraba Malam Hudu ladan ya shigo rumfata,
ya rungumo ta kamar mai kai jariri riga-kafi.
Ya ce, Tasi'u, ta daina ci.
Na ce, wa?
Ya ce, tsintsiyar da Nafi'u ya aiko daga Fatakwal,
wadda ba igiya a wutsiyarta, ba kaba a jikinta,
mai lashe kafet ɗin masallaci bayan isha'i.

Ni cajin waya nake yi.
Sola biyu a kan kwano, soket arba'in, da littafin bashi.
Amma a Auyo duk wanda ya riƙe sukundireba
shi ne likitan abin da ke da madanni.

Na danna. Ta yi gurnani,
fitilarta ta ƙifta sau uku, ta yi tsit.
Ladan ya ce batir ne.
Kowa batir yake zargi,
yadda ake ɗora wa kura duk tunkiyar da ta ɓata.

Na ce mu fara da tumbi.
Na buɗe: ƙaiƙayin shinkafa, yashin fadama,
fukafukan shingen da suka bi fitila daren ruwan fari,
an danƙare har an wuce zanen iyaka.
Malam, yaushe rabonka da zubarwa?
Ya ce, au, zubarwa ake?
Na ɗauka narkarwa take.

Na zaro matata, ta kafe kamar ƙanzo.
Ta nan take numfashi, na ce masa,
kai ma a toshe maka hanci ka gwada kiran salla.
Ruwa zalla, ban da sabulu.
A shanya ta yini da kwana,
in ka mayar da ita da danshi
za ta yi warin jiƙaƙƙen buhu, injin ya sha ruwa,
sannan ni da kai sai kallo.

Alhamis ya dawo. Ta tashi, amma zuƙarta
ba ta kai ta tsoho mai shan kunu da zafi ba.
Na kifa kanta. Zaren kafet, zaren hula
sun naɗe burushi tamau, ya kasa juyawa.
Reza ta yi aikinta.
Na cire bututun, na ɗaga shi ga rana na leƙa.
Duhu.
Na aiki yaro ya samo karan dawa, na zura, na tura,
ƙwallon dabino ya faɗo,
bayansa wasu 'yan baƙaƙe uku suka gangara kan tebur,
suka tsaya jikin wayar wani.

Ladan bai ce komai ba, ya daɗe.
Can ya ce, na Baba Sule Maikifi ne.
Carbinsa ya tsinke a sahun gaba
Juma'ar ƙarshe da ƙafarsa ta kawo shi.
Muka durƙusa muna tsinta, casa'in da shida,
ya ce a bari, ragowar suna inda Allah ya ajiye su.

Ni dai na ci gaba da bayani, don ban san me zan ce ba.
Kada a bar ta bakin taga rana ta gasa ta.
In ta yi zafi a bari ta huce kafin caji.
Bakin cajar nan ya yi tsatsa, a riƙa gogewa.
Wannan jan madannin na ƙarfi, shi ke shanye batir,
a bar shi sai ranar ɗaurin aure.

Na danna. Ta ja gefen rigarsa, ta kama ƙam.
Ya yi dariya, idonsa da ruwa.
Ya ce nawa ne? Na ce a saka ni a addu'a.
Ya ƙulle ukun a bakin rawani,
ya saɓa tsintsiyar kamar fartanya,
bai nufi masallaci ba,
ya bi lungun gidan Maikifi.