Awon Baitulmali

A rumfar shayin Kaltume, gab da Shuɗin Nilu,
Ustaz Mahjub ya baje jarida kan gwiwa:
wai wasu na so a rubuta a kundin tsarin mulki
kada gwamnati ta sake kashe abin da ba ta samu ba.
Shiga da fita su tsaya kafaɗa da kafaɗa
kamar sahun sallah.

Tanko mai injin ban-ruwa ya tafa hannu.
Ya ce, gwamma haka!
Fam ɗin da na ƙulle a bakin rawani bara,
bana ko albasa uku ba ya saye.
Suna buga takarda kamar masu suyar waina,
mu ke biyan kuɗin mai da cikinmu.

Ni dai na yi shiru.
Shekara talatin ina awon dawa da riɗi a Mai Wurno,
na san ma'auni ba ya ƙarya,
na kuma san yatsan da ke danna shi.

Na tuna shekarar da kogi ya hau gonaki,
ya tumɓuke ayabar Bagudu har saiwa.
Ya tsaya ƙofar kantina yana kallon ƙasa.
Littafina ya ce kar ka bayar.
Na ba shi buhu biyu da iri,
wata bakwai lissafina na ɗingishi.
Da doka ta ɗaure hannuna ran nan,
da wa zai dasa ayabar da muke ci yau?

Amma na tuna ƙanena Sallau,
da ya ci bashi don ragon suna,
ya ci wani don rufe bakin na farko,
har gonar babanmu ta koma hannun wani tajirin Sinnar.
Shi ma kullum cewa yake, kaka na tafe.

To gwamnati wace ce, Bagudu ko Sallau?
Tawada ba ta san fuskar kowa ba.
Ranar da asusu ya gaza,
ina wuƙa za ta fara sauka,
kan albashin ungozoma,
ko man motar mai girma?

Kaltume ta fifita garwashi, ta ɗago kai:
Ku masu daidaita kasafin ƙasa,
shayi tara tun Talata, wa zai biya?

Ustaz ya naɗe jarida.
Tanko ya shiga laluben aljihu, ya daɗe.
Na ce ta rubuta a kaina,
sai riɗi ya shigo.