Injin Citta a Panteka

Wata bakwai na yi ina ƙera shi
da ƙarfen wata tsohuwar tirela
da aka yanka a bayan layinmu.
Ranar da ya fara juyawa
Gambo mai walda ya cire tabarau zai yi kabbara,
sai aka ɗauke wuta.

Muka zauna muna kallonsa har la'asar.
Janareta na nan, amma maƙoshinsa
ya fi cinikin yini faɗi.

Saratu ce ta sa a yi shi, daga Kwoi,
ita da matan adashinsu, su goma sha tara.
Sun gaji, in ji ta, da shanya citta a bakin kwalta,
dillali ya zo ya taya buhu yana hamma,
citta ta haye teku,
ta dawo musu gari a 'yar kwalba
da rubutun da ba su san yarensa ba,
kwalba guda kuɗin kwano uku.

Na je banki da riga mai guga.
Yaron bayan gilashi ya ce, "Takardar gida?"
Na ce haya nake a Badarawa.
"Ta fili fa?"
Na shimfiɗa masa tafin hannuna,
kanta da tabon tartsatsi.
Ya ce ba a jinginar da hannu.
Da ya faɗi kuɗin ruwa
sai na sa hulata na yi masa sai anjima.

Babana shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙar Kakuri.
Jiniyarta ce agogon unguwa,
mai ƙosai da ita take ɗora kasko.
Yanzu gamba ta fi shi tsawo a bakin ƙofar,
zanen da matata ke ɗaurawa kuwa
a jirgin ruwa ya zo.
Yakan ce, garin da ke shan rijiya ɗaya
ba ya barci ranar da guga ya tsinke.
Ga mu nan, duk ƙarshen wata,
mun zura wa bututu guda ido.

Ɗanjuma, yaron da na koya wa juya ƙarfe,
wanda ke gane ciwon inji daga kukansa,
ya tafi Abuja tuƙa babur.
Ban hana shi ba. Da me zan riƙe shi?

Mun ɗora injin a akori-kura ran Talata.
Shinge shida kafin mu isa,
kowanne da launin rasidinsa,
biyu ma ba rasidi, sai sanda mai ƙusa.
Wani rami bayan Kachiya ya tsinke mana ƙafa,
muka kwana a gefen hanya ina rungume da belinsa.

Matan sun tarbe mu da guɗa.
Sai Saratu ta ja ni gefe, ta nuna min turakun wuta:
waya a sama, tsuntsaye jere a kai,
rabonsu da haske tun kafin shuka.

An lulluɓe shi da tamfol a zauren coci.

Yau da asuba na share ƙasan shago,
na ɗauki alli.
Ina zana wani, mai sarƙar keke da feda,
wanda ƙafar mace biyu za ta juya.
Gambo ya leƙo, ya daɗe yana dubawa,
ya ce haƙoran giyar nan sun yi yawa,
rage huɗu.