Alluna Biyu a Rumfar Hamajoda

Harafin E ne ya fara mutuwa.
Wanda ya san Faransanci ya san
babu takardar neman aiki in babu shi,
babu koke gaban alƙali.
Sati biyu ina kwafo shi daga wani layi ina mannawa,
kamar mai aron gishiri a maƙwabta.

Ran Asabar na hau babur daga Yelwa
zuwa babbar kasuwar Garwa,
rana tana gasa kwanon rumfuna.
Hamajoda ya share tebur da gefen hannu,
ya ajiye mini allon madannai guda biyu.

Na farko sakayau, kamar faifai.
"Roba ce shimfiɗe a ƙarƙashin haruffa,
tabarma ɗaya, kowa a kanta yake kwance.
Jaka huɗu. Ba ya magana."
Na danna, sai ka ce na taka laka a bakin Binuwai:
yatsa ya nutse, bai san ko ya isa ba.

Na biyu da nauyi, kamar ɗan dutsen niƙa.
"Wannan kowane harafi da ɗakinsa,
da ƙarfen da ke tashe shi in ya durƙusa.
In ɗaya ya mutu, shi kaɗai ake cirewa,
ba a binne gari don mutum guda.
Jaka ashirin da biyar, shi ma don ke ce."
Na danna: ƙas.
Na sake: ƙas-ƙas-ƙas.
Telan rumfar gaba ya ɗago kai daga kekensa.

Na yi lissafi a tafin hannu.
Dala hamsin nake karɓa a shafi.
Mai shiru, shafi goma sha shida ne.
Mai surutu, ɗari cif,
ban cire wuta ba, ban cire tawada ba.
Sai dai mai shirun na uku ke nan zan saya
cikin shekara biyu.
Araha ba ta ado, na sani,
amma aljihu ma ba ya jin karin magana.

Kuma ba kuɗin ne kaɗai ba.
Aikin ɗalibai da dare nake yinsa,
ɗakinmu ɗaya da Inna,
barcinta kuwa ɓawon albasa ya fi shi kauri.

Hamajoda ya ga hannuna yana kan wannan,
idona yana kan wancan.
Ya ce, "Tafi da mai surutun ki kwana da shi.
In gida ya ƙi shi, ki maido."

Bayan lisha na ninke zani na rufa masa,
ina taɓa haruffa kamar ɓarawon ƙwai.
Layi ɗaya, layi biyu.
Sai murya daga cikin gidan sauro:
"Jaratu, yaye zanen nan."
Na ce, "Na tashe ki?"
Ta ce, "Da wa ya ce miki barci nake?
Shekara talatin ubanki yana buga tafireta a zaure,
da ƙararta na yaye ku duka biyar.
Tun da aka fita da shi
shirun nan ne yake zaune mini a ƙirji."

Na yaye zanen.
Na saki yatsu goma suka yi gudu,
kowane harafi yana amsa sunansa,
E ma, da ya daɗe bai ce uffan ba.
Kafin in kai shafi na uku
Inna ta fara minshari.

Da safe na kai wa Hamajoda jaka goma,
saura sai ƙarshen wata, ya rubuta a bayan kwali.
Ina dawowa na tarar da Dudu maƙwabciya
tsaye a bakin famfo, ido ja,
tana tambayar duk gidan haya
wa ke ɓarar gyaɗa har ƙarfe biyun dare.