Ɓawon Gyaɗa a Bakin Bel

Sallau ya shigo garejinmu na Farin Gada
ruwan Agusta na dukan kwano.
Ya ce, "Oga, bel ɗin nan ya yi mini tawaye.
In na ja, ya ƙi fitowa,
in ya fito, ya ƙi komawa gida,
harshensa kuma ya daina cewa ƙas."

Na ce, ja shi a hankali.
In ka fizge shi cijewa zai yi,
don wannan cizon aka ƙera shi.

Na haska tocila a bakin makullin:
ɓawon gyaɗa biyu,
guntun tsinken tsire,
da dattin shekara bakwai.
Na sakace, na hura iska, na tura harshen.
Ƙas.

Na zaro shi har ƙarshe.
Ya murɗe a cikin bango kamar igiyar guga,
maiƙon hannu ya sa shi ƙandarewa.
Ruwan ɗumi da sabulu, Sallau,
a bar shi ya bushe a miƙe.
Na bi shi da yatsa ina neman tsaga,
don wanda zarensa ya fara tashi
ba a kai wa tela, canzawa ake yi.

Ya yi dariya, ya ce,
"Ni dai ya kwanta a ƙirjina
in na hango masu kaki a Mararrabar Jama'a."

Sai na ajiye sifana.

Na ce, ka san Pam, mai walda a can ƙurya?
Ce masa ya ɗaga riga.
Hawan Kibo ne, da lodin dankali,
tayar gaba ta fashe a gangara.
Bel ya zana masa layi daga kafaɗa zuwa ƙugu,
wata guda yana tari da ƙyar.
Yau ga shi can yana masifa a kan canji.
Yaron motarsa, Idi, ya rataya nasa ne kawai.
Ni na janyo motar.
Takalminsa ɗaya na kan kujera.

Ruwa ya tsagaita.
Sallau ya shiga ya zauna.
Na ce, bisa kafaɗa, ba a wuya ba,
ba ƙarƙashin hammata ba.
Na ƙasan ya kama ƙugu, ka sauke shi daga tumbin nan.

Bai ce komai ba.
Ya ja a hankali,
mu biyu muka kasa kunne.