Rabin Wata

Asumanu, jikana, ya zo daga Tawa ran Juma'a
da salula mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, Kaka, duba, wannan wata duniya ce,
Mirrihu sunanta, can gaba da wata,
mutane na shirin tashi su koma can.

Na matso da ita kusa da idon da ya rage mini.
Jar ƙasa. Tsakuwa. Tudu ya bi tudu,
babu gawo, babu kalgo, ko sawun akuya babu.
Na ce, yaro, kar ka yi wasa da furfurata,
wannan ai fakon bayan Keita ne
shekarar da na yaye uwarka.

Ya yi dariya har salular ta kusa faɗuwa.
Ni ban yi ba.

Na san irin wannan ƙasa, gammona ya san ta.
Mu muka ɗauki dutse a ka, ni da Cima da Igge,
daga hantsi har inuwa ta koma gabas,
muna jera shi a gindin tudu
don ruwa ya tsaya ya gaishe mu.
Mu muka haƙa rabin wata a fako,
dubu nawa, ban ƙirga ba,
ladan yini mudun dawa da ɗan mai a kwalba.
Yau ga bagaruwa ta rufe wurin,
yara na tsammani da ita aka halicce shi.

To su masu zuwa cikakken wata har su wuce,
wa zai ɗaukar musu dutse?

Asumanu ya ce, na'ura.
Ya ce can ba a shaƙar iska sai wadda ka zo da ita a gora,
ruwa kuwa ƙanƙara ce, a binne,
tafiyar wata bakwai in hanya ta yi kyau.

Wata bakwai.
Illa ma da zai tafi Abijan cewa ya yi wata bakwai,
in ya tara kuɗin bijimi biyu.
Mu mutanen Adar ba a koya mana tafiya.
Mun san yadda gari ke zama in maza sun bi mota:
tsofaffi, mata, jakuna,
da wasiƙar da malamin lekwal ke karanta miki sau biyu
ko akwai layin da ya tsallake.
Duk wanda ya tafi bida yakan ce don gida ya tafi.
Illa dai rigarsa ce ta dawo.

Ban ce kada su je ba.
Ni ma ina yarinya na bi ƙorama
don kawai in ga inda ta ƙare,
na sha duka a kai, ban kuma yi nadama ba.
Ɗan Adam ba ya ganin tudu ya ƙyale bayansa.
Tambayata ɗaya ce:
wanda ya gaji da gona mai raɓa da tana da kukan kwaɗi,
ya ce ta lalace, ba ta gyaruwa,
da wane haƙuri zai jira ƙasar da ba ta taɓa jin hadari ba?

Da dare kuran ya ɗauke, muka fito da tabarma.
Na nuna masa Kaza da ƴaƴanta, na nuna masa Zara,
shi kuma ya nuna mini wani ɗigo ja-ja,
ƙasa-ƙasa, ta saman rumbun Nomau.
Ya ce, Kaka, in an ce a zo, ni zan je.

Na daɗe ban ce komai ba.
Sannan na shiga ɗaka na kwance ƙullin zane:
ƴaƴan bagaruwa tara, na bara.
Na ce, riƙe.
Ka jiƙa su kwana ɗaya kafin ka shuka,
bakin ramin kuma ya dubi inda ruwa zai gangaro.

Ya ce, Kaka, ai ruwa ba ya sauka can.

Na ce, nan ma haka suka ce mana.